Wanda Aka Ci Ya Miƙa Hannu



Duk lokacin da maganar wasan gem ta taso a zaman zumunta, tambaya ɗaya ake jefo mana: "Fasto, laifi ne?" Mun lura mai tambayar yakan riga ya san amsar da yake so. Yaro yana so a ce masa ya ci gaba, uwa tana so a ce a ƙwace wayar. Mu kuwa da muka haura shekara arba'in muna tsaka mai wuya, domin da gem muka tashi, yanzu kuma mu ne iyaye da malamai. Saboda haka yau za mu ɗan ajiye waccan tambayar mu ɗauki wadda muke ganin ta fi ta amfani: idan kana wasa, wa ke zaune kusa da kai?

Abin da ya taso da maganar shi ne wasu sababbin na'urori da suka fara shigowa hannun 'yan'uwanmu jifa-jifa. A watan Fabrairun 2022 wani kamfanin Amurka mai suna Valve ya fitar da Steam Deck. Idan ka gan ta sai ka ce ƙatuwar waya ce aka liƙa wa maɓallai hagu da dama. Faɗin fuskarta inci bakwai ne, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, amma cikinta cikakkiyar kwamfuta ce. Wasannin da a da sai mutum ya zauna gaban tebur da babbar kwamfuta da wuta tsayayya, yanzu ga su a tafin hannu, a kan batir da kamfanin ya ce yana ɗaukar awa biyu zuwa takwas gwargwadon nauyin wasan. Da wasu kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe sai suka biyo baya: ASUS ya fito da ROG Ally a 2023, Lenovo kuma ya fito da Legion Go kafin shekarar ta ƙare.

Ba talla muka zo yi ba. Mafi arha a cikin Steam Deck na farko dala 399 ce. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya kusa naira dubu ɗari shida tun kafin a sa ladan ɗauko ta, domin Valve ba ya sayar da ita kai tsaye a Najeriya. A shekarar ce aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ku yi lissafin da kanku: albashin wata takwas da ɗoriya, ba ci ba sha. Yawancinmu ba za mu taɓa saya ba, kuma babu abin da zai rage mu da shi. Abin da ya ja hankalinmu wani ne daban. Da yawa daga cikin waɗanda suka zuba wannan kuɗi, da na'urar ta iso, sai su cika ta da wasannin shekara ashirin ko talatin da suka wuce. Mutum ya sayi sabon doki ya kama hanyar tsohuwar unguwarsu.

Yadda ake yin haka shi ne ta wata irin manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura. Kowane wasa an rubuta shi ne don wata na'ura takamaimai, kamar yadda tela ke ɗinka riga daidai jikin mai ita. Idan na'urar ta mutu kuma kamfani ya daina ƙera ta, wasan ya zama maraya. Manhajar kwaikwayo sai ta shiga tsakani ta zama tafinta: wasan ya yi magana da yaren tsohuwar na'ura, ita kuma ta fassara wa sabuwa nan take. Steam Deck kanta da wani tafinta mai kama da wannan take aiki, sunansa Proton, shi ne ke sa wasannin da aka yi don Windows su tashi a kanta alhali ita Linux ce a cikinta.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne. Duk wanda ya taɓa ganin yaro a shagon caji ya kwantar da wayarsa yana buga ƙwallo da manyan yatsunsa biyu, to ya ga wannan fasaha da idonsa. Sunan manhajar PPSSPP. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar da ita kyauta a 2012 don ta kwaikwayi PSP, ƙaramar na'urar hannu da Sony ya fara sayarwa a Japan a ƙarshen 2004, ya kuma daina bayan shekara goma. A wajenmu ƙwallo ce sarauniya a kanta, wato PES na kamfanin Konami. Na ƙarshe da kamfanin ya yi wa PSP shi ne na 2014. To daga ina su Osimhen da Lookman suke fitowa a wayoyinku cikin rigunan bana? Masu sha'awa ne a ƙasashe daban-daban suke zama su sauya sunaye da riguna da fuskoki, su sake shi, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender. Gangar jikin tsohuwa ce, riga aka sauya mata. Wato yaron da ke yi wa babansa dariya don yana son tsohon yayi, shi ma tsohon wasa ne a hannunsa.

Akwai wani ƙanenmu a zumunta, ma'aikacin lafiya, da aiki ya kai shi Shinaka a ƙaramar hukumar Goronyo, gabashin jihar Sakkwato. Wanda ya san yankin ya san ƙasar noma ce. Daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo, inda madatsar ruwa ta tare kogin Rima, albasa da tafarnuwa da shinkafa ne ke riƙe da gidaje. Ya kuma san shekarun nan ba su zo wa yankin da sauƙi ba. Har yau mutane ba su manta da Lahadin 17 ga Oktoban 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo suka kashe gomman mutane. A irin wannan wuri ba a yawon dare, baƙo kuma ba ya saurin sakin jiki.

Ƙanen namu ya isa bai san kowa ba, addininsa daban da na mutanen gari, iyalinsa suna nesa. Da ya tashi daga aiki, daga shi sai ɗaki. Yayansa da ke aiki a ƙasar waje ya tausaya masa ya aiko masa da Steam Deck wadda aka ɗan yi amfani da ita. Ya ce mana da farko shi kaɗai yake yi, ƙofa a rufe, iyafis a kunne. Wasa yana daɗi, amma duk lokacin da ya kashe na'urar sai shirun ɗakin ya ninka na da.

Wata rana zafi ya koro shi waje, ya zauna a dakalin ƙofar gida da abarsa a hannu. Yara suka fara leƙe daga nesa. Can sai wani saurayi mai shagon caji ya matso, ya ga ƙwallo ce, ya ce, "Likita, in gwada?" Ya miƙa masa. Da ya shiga Sakkwato a ƙarshen wata sai ya sayo hannun gem guda biyu masu arha, waɗanda ba sa buƙatar waya, ya riƙa jingina na'urar a jikin bulo mutum biyu su kara. Kafin a jima dakalin ya zama majalisa. Bayan la'asar su taru, ana kiran magariba su tashi su tafi masallaci, shi ma ya kashe ya shiga nasa sha'anin. Ga abin da ya faɗa mana: "Fasto, wata shida ina yi wa mutanen nan allura ban riƙe sunan kowa ba. Yanzu ranar da ban fito ba sai an ƙwanƙwasa ƙofa an tambayi lafiyata." Na'urar ba ta canja ba tsakanin ɗaki da dakali. Wasan ma shi ne dai. Abin da ya canja shi ne ya miƙa.

Da ya zo hutun Kirsimati ya taho da ita, ya same mu mu huɗu, duk sa'o'in juna, muna hutawa bayan sujada. Ya ce, "Baba Fasto, na sa muku naku na da." Muka duba, sai ga Winning Eleven na zamanin PlayStation ta farko. Ku da kuka taso da PES, wannan shi ne kakansa. A 2001 aka fara kiransa PES a Turai. Nan take gardama ta kaure a kan wa zai ɗauki Najeriya, domin duk wanda ya buga wasan nan ya san Tijjani Babangida. Ɗan Kaduna ne, ya buga wa Ajax, yana cikin waɗanda suka ciyo zinariya a Atlanta a 1996, shi ne kuma ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 2000. A cikin gem kuwa iska ne. Ka tura masa ƙwallo ta gefe, ka danne maɓallin gudu, sai dai a biyo bayansa.

Bari mu ba ku labarin inda muka fito, don ku gane abin da ya same mu a ranar. Gem ɗinmu na farko shi ne wanda ake haɗawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa wasa dubbai ne a ciki, alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. A nan muka san Super Mario, wanda ya fito a 1985, da Contra na sojoji biyu. Sai ɗan akwatin roba mai cin batir, mai tubala suna faɗowa kana jera su. Daga baya muka ji sunan wasan Tetris, kuma wani Barashe ne, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiro shi a Mosko. Sai Sega da Mortal Kombat. Sai PlayStation, wadda ta fito a 1994 amma ta ɗauki shekaru kafin ta iso unguwanninmu. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, macijin Nokia 3310 ya cinye batir ɗin manya da yara. Kwamfuta kuwa sai a shagunan buga takardu, daga baya a ɗakin kwamfuta na makarantar tauhidi, inda wasan kati na Solitaire ya koya wa ɗalibai da yawa riƙe linzamin kwamfuta kafin su fara buga takardar kammala karatu.

Kaɗan ne cikinmu suke da gem a gida. Gidan gem muke zuwa: shago ɗaya, talabijin ɗaya ko biyu, ƙaramin janareta yana hayaƙi a waje, benci ya cika da yara. Abin riƙewa biyu ne kawai, shi muke kira hannu, mu kuwa mun fi goma. Don haka doka ɗaya ce ba ta canjawa: wanda aka ci ya miƙa hannu. Ɗan mai kuɗi in an ci shi ya tashi, ɗan mai gadi ya zauna. Ba a tambayar sunanka Bulus ne ko Bello. Rabin lokacinka kallo kake yi, kana ba da shawarar da ba a nema ba, kana jiran layi. A kan bencin nan aka koyi haƙuri, aka koyi shan kaye a gaban jama'a ba tare da kuka ba, aka kuma koyi cewa gwanin yau gobe shi ma zai tashi.

To, muka karɓi na'urar ƙanenmu muka fara. Abin da ya fara ba mu dariya shi ne fuskokin 'yan wasan, kamar da gatari aka sassaƙa su. Filin da muke gani kamar duniya ya ƙanƙance. Amma yatsu ba su manta ba. Kafin kai ya tuna maɓalli, babban yatsa ya riga ya danna. Minti goma muna ihu kamar yara. Daga nan sai ihun ya fara raguwa, tambayoyi suka maye gurbinsa. Ina wane, wanda ba ya ɗaukar kowa sai Brazil? Ya rasu. Ina mai shagon nan da yake yi mana ƙarin wasa ɗaya in kuɗinmu ya ƙare? Ya koma garinsu bayan wani rikici, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ina ɗan maƙwabcinmu da muke raba hannu da shi? Yana nan da rai, lambarsa ma tana cikin wayar ɗaya daga cikinmu. Wasan ya dawo cif, ko ɗigo bai ɓace ba. Bencin ne babu manhajar da za ta kwaikwaye shi.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Littafin Mai-Wa'azi ma, a sura 7 aya 10, bai goyi bayan mai ɗaukaka jiya a kan yau ba. A wurinsa wannan ba hikima ba ce. Kuma da gaskiyarsa. Shekarun da muke kira na daɗi su ne na mulkin soja, na layin mai, na yajin aikin malamai, na annobar sanƙarau ta 1996 da ta ɗebi dubban rayuka a Arewa. Iyayenmu ba su ga daɗin da muke faɗa ba. Mu muka gan shi, don muna yara kuma muna tare. Saboda haka idan kun ji mu muna cewa gem ɗin da ya fi na yanzu, ku yi mana uzuri, amma kada ku ɗauka duka. Yawanci mutanenmu muke kewa, muna kiran su da sunan wasa.

Duk da haka, da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai abubuwan da tsohon wasa ya fi sabo da gaske, ba don kewa ba.

Na farko, ba ya neman sabis. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Goronyo da Rabah. Duk wasan da ke dogara da intanet ya mutu a hannun mai shi. Tsohon PES da ke cikin waya bai ma san an yi ba. Abokai biyu suna iya haɗa wayoyinsu ta Wi-Fi su kara ba tare da ko sisin data ba, muddin suna kusa da juna. Ku lura da sharaɗin: sai suna kusa da juna. Tsohuwar fasaha ba ta iya haɗa ka da baƙo a wata nahiya, don haka dole ka nemi na kusa.

Na biyu, yana ƙarewa. A busa usur, wasa ya tashi. Rayukan sojanka uku su ƙare, allo ya ce maka shi ke nan. Wanda ya ƙera shi ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, ba shi da wata riba in ka kwana a kai. Yawancin wasannin waya na yau kyauta ake sauke su, amma an gina su ne don kada ka tashi: kyautar shiga kowace rana, gasar da za ta wuce ka in ka yi fashi, kuɗin cikin wasa da ake saya da kuɗin gaske. PES kansa, tun da aka sauya masa suna zuwa eFootball a 2021, wannan hanya ya bi. Akwai kuma wasannin da za ka biya a buɗe maka ƙunshi ba ka san abin da ke ciki ba, ko gwarzon ɗan wasa ko tarkace. Wanda ya saba da wannan bugun zuciya tun yana ɗan shekara goma sha biyu, shagon cacar ƙwallo ba zai yi masa baƙunta ba in ya kai ashirin. Wannan ya fi damunmu fiye da yawan awannin da ake ƙirgawa.

Na uku, in yana hannunka naka ne. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da wani wasan tseren mota mai suna The Crew yake dogara da su. Wasan ya fito a 2014, mutane sun saya da kuɗinsu, amma daga ranar ya daina tashi ga kowa. Kaset ɗin da muke hura wa iska kafin mu sa, in ka same shi yau da na'urarsa zai yi aiki. Sai dai samun nasa ne wuya. Wata cibiyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka, Video Game History Foundation, ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 babu su a kasuwa a lokacin. Da yawansu abin da ya hana su ɓacewa shi ne mutane sun riƙa miƙa wa juna. A nan akwai maganar gaskiya da ba za mu tsallake ba. Manhajar kwaikwayo kyauta ce, mai ita ne ya bayar, amma wasan guminsu ne na waɗanda suka yi shi. Inda akwai hanyar saya kuma da hali, a saya. Akwai shagunan intanet irin su Steam, da GOG da aka buɗe a ƙasar Folan a 2008 musamman don tsofaffin wasannin kwamfuta, kuma da yawansu ba su da tsada.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Talabijin ɗin gidan gem ta jama'a ce ko tana so ko ba ta so. Ba ta shiga aljihu, ba ta shiga bargo. Na'urar hannu, ko Steam Deck ce ko wayar dubu hamsin, an auna ta ne daidai fuskar mutum ɗaya. Tana bin ka gado, tana bin ka makewayi, tana iya bin ka har bencin baya na majami'a. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa matsalar kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtukanta, jerin ya fara aiki a 2022. Ba ta ce duk mai wasa mara lafiya ne ba. Alamun da ta bayar su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, wasa ya hau kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da ake yi masa, har abin ya ɗauki kamar shekara guda. Duk waɗannan a ɓoye suka fi girma. Mai wasa a dakali yana da masu tashinsa: layi zai zo kan wani, za a kira salla abokan su watse, uwa za ta aiko. Mai wasa a ɗaki da iyafis babu mai ce masa ya isa sai batir.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Tun kafin a san wuta ko batir, a ƙasar Sakkwato da sauran ƙasar Hausa ana haƙa gurabe talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa ya ɗebi 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa, a yi dara. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawa. Babu wasan da ya kai ta sauƙin ɗauka, domin duk inda akwai ƙasa akwai ta. Amma ba a taɓa ganin mai hankali ya shiga ɗaka ya rufe ƙofa yana dara shi kaɗai ba. A gindin bishiya ake yin ta, 'yan kallo sun fi 'yan wasa yawa, wanda aka ci ya matsa wani ya zauna. Gidan gem na zamaninmu dara ce da aka sa wa wuta. Dakalin Shinaka ma haka.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Ku matasa, kafin ku tambaye mu ko laifi ne, ku duba makon da ya wuce ku ƙirga sau nawa wayarku ta shiga hannun wani da yardarku. Akwai ƙaramin yaro a gidanku da ke tsaye a bayanku yana leƙe, kuna ture shi. Ku zaunar da shi ku koya masa. Akwai sabon ɗalibi ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo garinku bai san kowa ba. Wasa ɗaya ya isa ya buɗe masa baki. Akwai maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba, wanda gaisuwa kawai ke haɗa ku. Ƙwallo ba ta tambayar wannan. Ku sa wa wasa lokacin tashi tun kafin ku fara, ku kuma gaya wa wani lokacin don ya riƙe ku da shi. Kuɗin makaranta da na abinci da jarin sana'a kada ko kobo ya shiga sayen ƙunshin da ba ku san cikinsa ba.

Ku kuma iyaye, sa'o'inmu, kafin ku ƙwace waya ku gwada zama. Ku ce wa yaron ya nuna muku. Zai cinye ku ci mai tsanani, ku daure ku miƙa wa ƙanwarsa. A cikin minti ashirin ɗin nan za ku ji abin da wata guda na faɗa bai fito da shi ba: sunayen abokansa, abin da ke ba shi tsoro, wanda yake zaginsa a makaranta. In kuma tsohon wasa ya tuno muku da wani abokin benci da lambarsa ke kwance a wayarku, kada ku tsaya a kewa. Zumunci a ƙafa yake. In ƙafa ba ta kai ba, kira ya kai.

Shugabannin zumunta kuma muna ba ku shawara ku gwada maraice ɗaya a wata: talabijin ɗaya, hannu biyu, benci, dara a gefe don dattawa, ƙofa a buɗe ga duk yaran unguwa. A fara da wuri, a tashi kafin duhu, kowa ya isa gida lafiya.

Muna tunawa da mutanen Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah, da duk 'yan'uwanmu da aiki ya kai su can. Allah ya kawo wa yankin zaman lafiya, har yara su koma wasa a dandali ba tare da fargaba ba. Amin.